Yadda ake sarrafa SQL Server Management Studio da madannai, ba da linzami ba

Wannan bayani na masu kula da rumbun bayanai ne a makarantu, asibitoci da shagunan magani na cikin Gombe, da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jihar Gombe da na Kashere waɗanda aka tura koyon aiki, aka zaunar da su gaban SQL Server Management Studio, wadda ake taƙaitawa SSMS. Manhajar Microsoft ce, kyauta ake sauke ta, a kan Windows take aiki. Sunayen menu da zan ambata na bugu na 18, 19 da 20 ne. Misalin da zan riƙa bi shi ne rumbun wata makarantar sakandare mai tebur ɗin Dalibai da tebur ɗin Biya, inda ake rubuta kuɗin makaranta.

Gajerun hanyoyin madannai suna sa aiki sauri, babu shakka. Amma a rumbun bayanai saurin yana da haɗari, domin maɓallin da ke fito maka da sunayen ɗalibai shi ne dai wanda zai iya goge su. Saboda haka na jera matakan ne yadda hannu zai yi sauri ido kuma yana kan abin da ake aikawa.

Mataki na farko: daidaita kwamfutarka

Yawancinmu laftof muke amfani da ita, kuma a laftof da yawa layin F1 zuwa F12 an ba shi aikin ƙara sauti da hasken allo. Sai ka danna F5 ka ga babu abin da ya gudana. Ka haɗa da Fn, wato Fn+F5. A Dell da Lenovo da dama Fn+Esc yana kulle layin ya koma aikinsa na asali, ka huta da riƙe Fn.

Daga nan ka shiga Tools, sai Options, sai Text Editor, sai Transact-SQL, sai General, ka sa alama a Line numbers. Lambobin layi za su bayyana a gefen hagu. Za ka buƙace su idan kuskure ya fito.

Abu na uku shi ne launi, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi. A tagar Connect to Server ka danna Options, ka shiga Connection Properties, ka sa alama a Use custom color. Saba, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, wadda makaranta ke aiki da ita kullum ka ba ta ja. Ta gwaji da ke cikin laftof ɗinka ka ba ta kore. Duk tagar da ka buɗe, zirin da ke ƙasanta zai ɗauki launin sabar da take haɗe da ita. A wannan zirin ne kuma ake rubuta sunan saba, sunan da ka shiga da shi, da sunan rumbun da kake ciki. Ka saba wa idonka sauka can kafin ka aika kowane umarni mai canza wani abu.

Mataki na biyu: F5, da abin da yake aikawa

Ctrl+N yana buɗe sabuwar tagar rubutu. Layin farko ka rubuta USE Makaranta; wato ka zaɓi rumbun makarantar, domin kada ka wayi gari kana ƙirƙirar tebur a cikin master, rumbun da SQL Server ke ajiye bayanan tsarinsa. F5 yana gudanar da abin da ka rubuta. Ctrl+E ma haka yake yi, kuma ya fi sauƙi ga wanda Fn ke ba wahala.

Ga dokar da komai ya rataya a kanta. Idan ba ka haskaka komai ba, F5 yana aika duk abin da ke cikin tagar, daga layin farko har na ƙarshe. Idan ka haskaka wani yanki, wannan yankin kaɗai yake aikawa, ko da rabin umarni ne. Kamar injin niƙa yake: abin da ka zuba masa shi zai niƙa, ba ya tambaya ko dawa ce ko tsakuwa.

Amfanin wannan yana da yawa. Kana iya tara umarni goma a taga ɗaya, ka riƙa haskaka wanda kake so kana gudanarwa. Haskakawar ma da madannai ake yi: Home ya kai ka farkon layi, Shift+End ya haskaka layin duka, Shift da kibiyar ƙasa su ƙara layuka, Ctrl+Shift da kibiyar dama su riƙa ɗaukar kalma kalma.

Haɗarin kuwa ga shi. A ce ƙarshen shekarar karatu ya zo, za a ɗaga 'yan JSS3 zuwa SS1, ka rubuta:

UPDATE Dalibai
SET aji = N'SS1'
WHERE aji = N'JSS3';

Idan haskakawarka ta tsaya a layi na biyu, abin da ya rage umarni ne cikakke a wurin SQL Server, ba zai yi ƙorafi ba. Duk ɗaliban makarantar, daga JSS1 har SS3, sun zama 'yan SS1. Ctrl+Z ba zai cece ka ba, domin rubutun da ke taga kaɗai yake mayarwa, ba ya taɓa abin da ya riga ya shiga rumbu.

Akwai wata 'yar dabarar rubutu da nake so ƙwarai. Ka ɗaga kalmar WHERE ta koma ƙarshen layin SET:

UPDATE Dalibai
SET aji = N'SS1' WHERE
aji = N'JSS3';

Yanzu idan ka manta layi na uku, umarnin zai ƙare da WHERE babu sharaɗi, SQL Server zai ƙi shi da jan rubutu, babu abin da zai canza. Bai yi kyan gani ba, amma tsaro ne na kyauta.

Ctrl+F5 yana duba nahawun rubutun ba tare da gudanar da shi ba. Ka lura, nahawu kaɗai yake dubawa. Idan ka rubuta sunan tebur ɗin da babu shi, zai wuce. Idan kuma umarni ya daɗe yana juyawa kana so ka tsayar da shi, Alt+Break ne. Laftof da yawa ba su da maɓallin Break a fili. A ThinkPad yana ƙarƙashin Fn+B. Idan ba ka same shi ba, jan murabba'in da ke kusa da Execute shi ne.

Mataki na uku: canza bayanai da ƙofar komawa a buɗe

Duk lokacin da za ka yi UPDATE ko DELETE a sabar ja, ka bi wannan tsari, kada ka gajarta shi don ana jiranka.

Ka fara da SELECT mai sharaɗin da za ka yi amfani da shi:

SELECT * FROM Dalibai WHERE aji = N'JSS3';

Ka dubi ƙasan dama na tagar, inda ake nuna yawan layukan da suka fito. A ce 84 ne. Ka riƙe wannan lamba.

Sai ka rubuta BEGIN TRAN a saman UPDATE ɗinka, ka haskaka su tare, ka danna F5. A sashen Messages za a rubuta maka yawan layukan da aka taɓa. Idan ka ga 84 rows affected, ka sake duba tebur ɗin, ka gudanar da COMMIT; shi ke nan. Idan ka ga 600 ko wata lamba da ba ka zata ba, ka gudanar da ROLLBACK. Komai ya koma yadda yake.

COMMIT da ROLLBACK ka ajiye su a ƙasa a matsayin sharhi, wato da gajerun layuka biyu (--) a gabansu, domin idan ka danna F5 ba tare da haskakawa ba kada su tafi tare da sauran. Ctrl+K sannan Ctrl+C yana mayar da layin da kake kai, ko duk layukan da ka haskaka, su zama sharhi. Ctrl+K sannan Ctrl+U yana dawo da su. Ana riƙe Ctrl ne a danna K, a danna C, sannan a saki. Kuma ba sai ka cire sharhin ba kafin ka yi amfani da kalmar: ka haskaka COMMIT ita kaɗai, ban da layukan biyu, ka danna F5.

Tun da maganar ƙarin aji muke, ka fara daga sama. A fitar da 'yan SS3, sannan SS2 su koma SS3, sannan SS1 su koma SS2, har ƙasa. Idan ka fara daga JSS3, waɗanda ka kai SS1 za su cakuɗe da 'yan SS1 na asali, umarni na gaba ya kwashe su duka zuwa SS2, kuma babu sauran abin da zai bambanta su a ginshiƙin aji.

Wani abu da ke yawan haɗa mai kula da rumbu faɗa da ofishin kuɗi: ka yi BEGIN TRAN, aka kira sallar Azahar, ka tashi ba ka rufe ba. Layukan da ka taɓa suna kulle. Akawu yana can yana son buɗe bayanan ɗalibi, manhajarsa ta tsaya cik, iyaye suna tsaye a layi. Kafin ka bar kujera ka gudanar da SELECT @@TRANCOUNT; a tagar da ka yi aikin. Idan amsar ba 0 ba ce, akwai abin da ka bari a buɗe. Idan kuma kai aka kira aka ce rumbu ya tsaya, ka danna Ctrl+1. Wannan yana gudanar da sp_who, kuma a ginshiƙin blk za ka ga lambar zaman da ya tare wa wasu hanya. Ctrl+2 yana gudanar da sp_lock, mai nuna abubuwan da aka kulle.

Idan aka ɗauke wuta sabar ta mutu alhali ba ka yi COMMIT ba, SQL Server da kansa zai warware aikin idan ya tashi. Rubutunka da ke taga kuwa Ctrl+S ne maganinsa. SSMS tana ajiye kwafin ceto lokaci lokaci, ana daidaita shi a Tools, Options, Environment, AutoRecover, amma kada ka dogara da shi.

Mataki na huɗu: sanin tebur ba tare da barin taga ba

Ka danna sunan tebur sau biyu ya haskaka, sunan kaɗai ban da dbo da ɗigo, sai ka danna Alt+F1. Wannan sp_help ne. Zai kawo maka ginshiƙan tebur ɗin, nau'in kowanne da tsawonsa, ko yana karɓar NULL, fihirisar (index, mai saurin da bincike) da ke kansa, da mabuɗan da suka ɗaure shi da wasu tebura. Ga wanda ya gaji rumbun da wani ya gina ya bar aiki, babu maɓallin da ya kai wannan amfani.

Kana iya ƙirƙirar naka irinsa. Ka shiga Tools, Options, Environment, Keyboard, Query Shortcuts. A gaban Ctrl+3 ka rubuta SELECT TOP 100 * FROM ka bar tazara ɗaya bayan FROM. A gaban Ctrl+4 ka rubuta SELECT COUNT(*) FROM da tazararsa. Ka buɗe sabuwar taga, domin tsofaffin tagogi ba sa ɗaukar canjin. Daga yanzu duk sunan tebur ɗin da ka haskaka, Ctrl+3 zai nuna maka layuka 100 daga cikinsa, Ctrl+4 ya ƙirga maka su. Abin da ke faruwa shi ne SSMS tana liƙa abin da ka haskaka a ƙarshen rubutun da ka ajiye. Don haka ne ban yarda a ajiye DELETE ko DROP a waɗannan maɓallai ba, kome sauƙin da ake ganin zai kawo.

Wajen rubutu, Ctrl+Space yana ƙarasa maka sunan da ka fara, Ctrl+J yana kawo jerin sunayen da za su dace. Idan ka ƙirƙiri sabon tebur yanzu yanzu amma ka ga jan layi a ƙarƙashin sunansa kamar babu shi, tebur ɗin lafiyarsa ƙalau, jerin sunayen da SSMS ta riƙe ne ya tsufa. Ctrl+Shift+R yana sabunta shi.

F8 yana kai ka Object Explorer. A nan akwai wuri ɗaya da linzami ya fi madannai: ka buɗe tebur, ka ja babban fayil ɗin Columns gaba ɗaya ka sake shi a cikin tagar rubutu. Sunayen ginshiƙan duka za su zubo, da waƙafi a tsakaninsu. Sai ka goge waɗanda ba ka so. Da wannan babu sauran uzurin barin tauraro (SELECT *) a umarnin da zai zauna cikin manhaja.

Mataki na biyar: gyara layuka da yawa lokaci guda

Shugaban makaranta ya turo maka lambobin shiga na ɗalibai 40 a Excel, yana son ka duba waɗanda suka biya. Ka manna su a taga, kowace a layinta. Ka sa alamar rubutu a farkon lamba ta farko, ka riƙe Alt+Shift, ka riƙa danna kibiyar ƙasa har lamba ta ƙarshe. Za ka ga siririn layi ya sauko a gaban lambobin duka. Duk abin da ka rubuta yanzu zai fito a layuka 40 a tare. Ka sa alamar buɗe magana ('). Ka koma ƙarshen lamba ta farko ka maimaita, ka sa alamar rufewa da waƙafi. Ka goge waƙafin ƙarshe, ka kewaye su da IN da baka biyu.

Wannan yana tafiya daidai ne idan tsawon layukan ɗaya ne. Idan sunaye ne, kamar ƙananan hukumomin jihar Gombe 11, wato Akko, Balanga, Billiri, Dukku, Funakaye, Gombe, Kaltungo, Kwami, Nafada, Shongom da Yamaltu/Deba, ƙarshensu ba ya jeruwa. A nan Ctrl+H ya fi. Ka haskaka jerin, ka danna Ctrl+H, ka kunna Use Regular Expressions, ka tabbatar an taƙaita binciken ga Selection. A akwatin sama ka rubuta \r\n wato ƙarshen layi. A na ƙasa ka rubuta ', N' sannan ka maye duka. Sunayen za su haɗu a layi ɗaya, saura ka gyara farko da ƙarshe da hannu.

Wannan N ɗin da nake ta sawa kafin alamar buɗe magana tana da muhimmanci a gare mu musamman. Haruffanmu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin tsarin haruffan da ginshiƙin rubutu nau'in VARCHAR ke amfani da shi a mafi yawan sabar da aka kafa da Turanci. Idan ka shigar da Ɗanladi ko Ƙasimu babu N, harafin zai koma alamar tambaya, kuma ba ya dawowa. Ginshiƙin suna ya zama NVARCHAR, rubutun kuma ya zo da N a gaba; sai an haɗa biyun. Daga SQL Server 2019 ana iya ba VARCHAR tsarin UTF-8, amma sai an zaɓe shi da gangan. Takardar sakamakon yaro bai kamata ta fito da alamar tambaya a tsakiyar sunan mahaifinsa ba.

Sauran ƙananan: Ctrl+Shift+U manyan haruffa, Ctrl+Shift+L ƙanana. Tab yana tura layukan da ka haskaka ciki, Shift+Tab ya dawo da su. Ctrl+C ba tare da haskakawa ba yana kwafe layin duka. Ctrl+Shift+V yana dawo maka da abubuwan da ka kwafa a baya, ba na ƙarshe kaɗai ba. Ctrl+G yana kai ka lambar layin da ka faɗa. A doguwar takarda, Ctrl+K sau biyu yana kafa alama a layi, Ctrl+K sannan Ctrl+N ya kai ka alama ta gaba. Idan jan saƙon kuskure ya fito, ka danna shi sau biyu, zai kai ka wurin.

Mataki na shida: sakamako

Ctrl+R yana ɓoye sashen sakamako, ya kuma dawo da shi. A ƙaramin allon laftof wannan rabin fili ne. F6 yana zagayawa da kai tsakanin rubutu, sakamako da saƙonni, Ctrl+Tab kuma tsakanin tagogin da ka buɗe. Ctrl+D yana sa sakamako ya fito a gida gida, Ctrl+T ya fito a rubutu zalla, wanda ya fi daɗin mannawa a saƙon waya.

Idan Excel za ka kai, ka danna cikin sakamakon, Ctrl+A, sannan Ctrl+Shift+C, wanda ke haɗawa da kanun ginshiƙai. Kafin ka manna, ka mayar da ginshiƙin lambar wayar iyaye ya zama Text a Excel. In ba haka ba sifirin farko na 080 da 070 zai ɓace.

Mataki na bakwai: idan umarni yana jan ƙafa

Rahoton kuɗin makaranta da a da yake fitowa nan take, yanzu sai an jira. Kafin a ce kwamfuta ta tsufa, ka haskaka umarnin ka danna Ctrl+L. Zai zana maka hanyar da SQL Server ke shirin bi, ba tare da ya gudanar ba. Ctrl+M kuma kunnawa ne: bayan ka danna shi, duk umarnin da ka gudanar zai zo da zanen hanyar da aka bi a zahiri, har sai ka sake danna shi.

Zanen ana bin sa daga dama zuwa hagu, kuma kaurin kibiya yana nuna yawan layukan da ke wucewa. Idan ɗalibi ɗaya kake nema amma ka ga Table Scan ko Clustered Index Scan a kan Biya da kibiya mai kauri, ma'anarsa ana karanta tebur ɗin duka don a samo 'yan layuka. Sau da yawa fihirisa a kan lambar ɗalibi ce ta rasa. Wani lokaci za ka ga koren rubutu a sama yana ba da shawarar fihirisar da za a ƙara. Ka karanta ta, amma kada ka karɓi kowace ido rufe, domin kowace fihirisa tana cin wuri, tana kuma ƙara wa INSERT da UPDATE nauyi. Maganar wuri ba ƙarama ba ce ga masu bugun SQL Server Express na kyauta, wanda har zuwa na 2022 iyakar kowane rumbu a cikinsa gigabait 10 ne.

Don ka auna gyaranka da lamba, ka gudanar da SET STATISTICS IO ON sau ɗaya a tagar. Daga nan sashen Messages zai riƙa nuna logical reads, wato yawan shafukan da aka karanta, kowane shafi kilobait 8. Ka rubuta lambar kafin gyara, ka kwatanta da ta bayan gyara. Ta fi agogo gaskiya, domin gudu na biyu yakan fi na farko sauri kawai saboda bayanan sun riga sun hau ƙwaƙwalwar saba.

Idan ka zauna a kwamfutar ofis ka tarar Ctrl+R ko Ctrl+E ba sa yin abin da na faɗa, wataƙila wani ya canza tsarin madannan, ko an ɗauko shi daga tsohon bugu. Ka shiga Tools, Options, Environment, Keyboard, ka danna Reset, ka amsa Yes. Bayan haka ka leƙa Query Shortcuts ka tabbatar Ctrl+3 da Ctrl+4 ɗinka suna nan, sannan ka buɗe sabuwar taga ka gwada su a kan sabar kore.